Misirlou da tsirkiya ɗaya: ya ake kaɗa shi hannu bai sandare ba?

Sadiku_Fagge:
Assalamu alaikum 'yan gida. Wata uku ke nan da na sayi jitar lantarki, ta hannu ce, wani makaɗin coci a Sabon Gari ya sayar min haɗe da 'yar amf ɗinta, wato akwatin ƙara sauti, mai wat 15. Tun ranar da na ji kiɗan Misirlou na makaɗin jita ɗan Amurka Dick Dale na rasa sukuni, shi kaɗai nake so in iya. Inda yatsun hagu za su taka na gano, wannan bai ba ni wuya ba. Hannun dama ne ya ƙi ni. Ko daƙiƙa ashirin ban yi ina kaɗawa ba sai damtsena ya sandare kamar na yini ina surfe, fik ɗin kuma, wato ɗan abin da ake riƙewa a kaɗa tsirkiya da shi, ya dinga sarƙewa a tsirkiya. Masu hannu a sana'ar ku taimaka. Tambaya ta biyu: an ce kiɗan samarin bakin teku ne na Kalifoniya, to me ya sa ni kunnena yake jin Larabci a ciki?

Kawu_Ilu:
Sunan kiɗan surf, wato hawan igiyar ruwa, kai kuma ka ce surfe. Ai an zo wajen. Turmi da taɓarya kawai suka rage maka.

MalamBala_Jos:
Wa alaikumus salam Sadiku. Na shekara goma sha ina kaɗa jita a ƙungiyar otal, kuma duk yaron da ya zo min da wannan kukan abu ɗaya nake fara dubawa, yadda ya riƙe fik. Na tabbata ka damƙe shi kamar za a ƙwace maka. Sassauta. Ka bar ɗan bakinsa kaɗai ya leƙo tsakanin babban yatsa da manuni, kamar tsawon ƙwayar shinkafa. In ka bari ya fito da yawa, nutsewa zai yi ƙarƙashin tsirkiya, kowane bugu sai ka yi kokawa kafin ka fito da shi, shi ne sarƙewar da kake ji. Sannan ka ɗan karkata shi, kada ya doki tsirkiya da faɗinsa, ya zame ta da gefe. Gefen tafinka ya ɗan jingina a kan jakin jitar, motsin ya fito daga wuyan hannu kamar mai yarfe ruwa bayan ya wanke hannu. Ka sauke manhajar ƙirga bugu a waya, ka sa ta a 80, kowane ƙas ka kaɗa huɗu: ƙasa, sama, ƙasa, sama. Kada ka taɓa komai da hagu tukuna, tsirkiyar nan mai kauri a sake. Minti biyar, ka huta. Ranar da ka iya yi kana hira da wani ba ka ɓata ba, ka ƙara biyar.

Sadiku_Fagge:
Malam, 80? Ai faifan ya ninka haka.

MalamBala_Jos:
Ya ninka har da ɗori, ya haura 170. Wato kaɗawa goma sha ɗaya da wani abu a daƙiƙa guda. Shi ya sa na ce 80. Sauri ya haifi nawa.

Hauwa_Omdurman:
Bari in ɗauki tambayarka ta biyu ƙanena, don kunnenka bai yi ƙarya ba. Sunan ma ka duba shi. Misirlou daga kalmar Turkanci ya fito, Misirli, wato mutumin Masar, a waƙar kuma budurwa Bamasariya ake nufi. Mu nan Sudan har gobe Misr muke cewa. Tsohuwar waƙa ce ta gabashin Bahar Rum, Girkawa da Larabawa da Turkawa da Yahudawa da Armeniyawa duk suna da irin tasu. Shi Dick Dale asalin sunansa Richard Monsour, an haife shi a Boston a 1937, dangin mahaifinsa 'yan Labanan ne, yana yaro yana ganin kawunsa na kaɗa ta da udu, wato molon Larabawa. Ma'aunin sautin masu udu suna kiransa Hijazkar. Duk wanda ya tashi yana jin udu a rediyo, da ya ji taku uku na farko ya san gida.

Dr_Mainasara:
Hajiya Hauwa ta yi daidai, sai ƙari kaɗan. Faifai mafi daɗewa da aka sani na waƙar na 1927 ne, wani Bagirke mai suna Tetos Demetriades ya yi shi a Amurka, a hankali ake rera ta, ba wannan gudun famfalaƙin ba. A 1941 wani Bagirken kuma, Nick Roubanis, ya fitar da tasa ya yi mata rajista da sunansa, shi ya sa ake ganin sunansa a matsayin mai waƙar. Dale ya fitar da nasa a 1962, a jikin faifan ma Miserlou aka rubuta.

Kawu_Ilu:
Wato wani ya tsinci waƙar gari ya kai ta ofis ya ce tasa ce. Ashe ba yau aka fara ba.

Zee_Kaduna:
Ni fa da yayana ya kunna min, rantsuwa na yi daga tsohon fim ɗin Indiya aka ciro. Har musu muka yi.

Dr_Mainasara:
Zee, ba ki faɗi ƙasa ba. Jerin sautukan nan bakwai su ne dai na Bhairav a kiɗan gargajiyar Indiya. Abin da ke ba shi wannan ɗanɗanon shi ne taku na biyu ya manne da na farko, sai kuma a yi dogon tsalle zuwa na uku. Haka ake sake yi a sama, tsakanin na shida da na bakwai. A kan tsirkiyar E mai kauri gaɓoɓin wuyan jita da ake dannawa su ne: sake, 1, 4, 5, 7, 8, 11, 12. Sadiku ka duba, daga 1 zuwa 4, da daga 8 zuwa 11, nan duk sirrin yake.

Sadiku_Fagge:
Haka ne Dokta, su nake takawa. Tsallen 8 zuwa 11 ɗin nan ma yakan kuɓuce min in na yi sauri, sai in faɗa 10, abin ya koma wata waƙa daban.

Rabe_Maradi:
Ku yi haƙuri in saɓa wa Malam Bala kaɗan, da girmamawa. Zancen wuyan hannu zancen makaranta ne. Ku je ku kalli bidiyon Dale ɗin da kansa, ko na tsufansa. Da dukan hannu yake sara, daga gwiwar hannu, kamar mai yankan itace da zarto. Ƙarfin da ake ji a faifan daga nan yake. In ka yi da wuyan hannu kawai za ka samu sauri, amma sautin zai fito siriri kamar kukan sauro. Ni da damtse nake yi kuma ban mutu ba.

MalamBala_Jos:
Rabe, ban musa ba, na ga bidiyon. Amma ka faɗa wa yaron sauran labarin. Mutumin nan bahago ne, ya ɗauki jita bai juya tsirkiyoyin ba, mai kaurin tana ƙasa, siraran suna sama. Kusurwar da hannunsa ke zuwa wa tsirkiya daban take da ta Sadiku. Sannan kaurin tsirkiyoyinsa daga lamba 16 yake farawa har wajen 60, alhali jitar da ke hannun Sadiku in an yi sa'a 9 ko 10 ce. Wannan wayar shanya in ba da damtse ba da me za ka motsa ta? Fik ma cinye masa take yi ana cikin kiɗa. In Sadiku ya sari tsirkiya lamba 9 da irin wannan ƙarfin, sautin zai karkace, ya tsinke ta, ya kuma samu ciwon gwiwar hannu a banza. Na ga wanda ya ajiye jita wata biyu saboda haka.

Rabe_Maradi:
To ya sauya tsirkiya mana. Ko 11 ya sa. Tsirkiya mai laushi tana lilo, fik ya dawo bai same ta inda ya bar ta ba. Wannan ma yana cikin abin da ke sarƙe shi.

MalamBala_Jos:
Wannan na yarda. 11 ko 12, da fik mai tauri wanda ba ya lanƙwasa. Amma a duba wuyan jitar bayan an sa, don ƙarin ja zai ɗan banƙare shi, balle ga hunturu na shigowa itace na bushewa.

Sadiku_Fagge:
Tsirkiya 11 kuma a Kano? Shagon da na sani 9 kawai yake kawowa, ita ma sai an yi mako ana jira.

Emeka_na_Sabongari:
Oga Sadiku, zo layinmu ka tambayi masu kayan coci, ka ce ta masu jaz kake so. In babu a sa a taho maka da ita daga kasuwar Alaba ta Legas. Kada ka sayi ta kwali marar suna, kwana uku ta yi tsatsa.

BabaGarba58:
Yara kuna ta zancen tsirkiya kun manta da kunne. Ni wannan irin kiɗan a faifan garmaho na fara jinsa a gidan wani malaminmu, kuma abin da ya kama ni jiƙewar sautin ce, kamar ana kaɗa jitar a cikin rijiya. Amsa-kuwwar nan ta sifirin ce. Akwati ne daban da kamfanin Fender ya fitar a 1961, a ciki akwai sifirin na ƙarfe, sauti ya bi ta cikinsu yana karkarwa kafin ya isa amf. In ka danne tsirkiya da gefen tafi ka ɗan ƙwanƙwasa ta, sai ka ji ɗis, ɗis, kamar ɗigon ruwa daga indararo cikin bokiti. In babu wannan ɗigon, ko ka kai gudun Dale, a wurina motsa jiki kake yi.

Dr_Mainasara:
Baba, a gafarce ni. Faifan Dale na 1961, Let's Go Trippin', wanda da yawa ke ɗauka shi ya buɗe ƙofar wannan salo, babu wannan akwatin a cikinsa. Kiɗan ya riga amsa-kuwwar zuwa. Abin da ya fara tara jama'a a zauren Rendezvous da ke Balboa a Kalifoniya ƙara ce tsagwaronta. Shi da bakinsa ya sha faɗin cewa ya ƙona amf kusan hamsin kafin Leo Fender ya ƙera masa Showman mai sifikar JBL inci 15 da za ta iya ɗaukarsa.

BabaGarba58:
Na ji Dokta, ka fi ni karatu. Amma ni dai da ɗigona na san shi, da shi zan mutu.

Kawu_Ilu:
Amf hamsin! Sadiku kai guda ɗaya gare ka, ita ma ta hannu. Ka yi a hankali.

Nafisa_bass:
Shawarata dabam ce, kuma na san ba za ta yi maka daɗi ba. Ka ajiye Misirlou na wata ɗaya ka koyi Pipeline na Chantays. Yaran sakandare ne a Santa Ana suka yi shi, ya kai na huɗu a jadawalin waƙoƙin Amurka na Billboard a 1963, kuma bai kai Misirlou zafi ba. A cikinsa akwai duk abin da kake bukata: zamiyar nan ta farko da ake kaɗawa da sauri ana gangarowa daga saman wuya zuwa ƙasa, da danne tsirkiya da tafi, da riƙe bugu ba gaggawa. Ni da shi na gyara hannuna. Na shekara ina fama da gudu, ashe matsalata ban iya tsayawa daidai da ganga ba. Wanda ya iya Pipeline tsaf, rabin Misirlou na aljihunsa. In ma kana son wanda yatsun hagu za su ƙaru, ga Walk, Don't Run na Ventures, 1960.

Rabe_Maradi:
Ventures ba 'yan teku ba ne, daga Tacoma suke can arewa, kuma waƙar ta wani makaɗin jaz ce Johnny Smith tun 1954.

Nafisa_bass:
Na sani Yaya Rabe. Ce masa na yi ya koya, ban ce ya yi musu takardar zama ɗan ƙasa ba.

Abu_Tudunwada:
Ni fa ban gane abin da kuke gani a wannan kiɗan ba. Ba waƙa, ba magana, ba habaici, mutum na ta karkarwa a kan waya ɗaya minti biyu. Mu da muke da Ɗan Maraya mai kuntigi me za a nuna mana da tsirkiya ɗaya? Gwangwani da fata da tsirkiya guda, ya kaɗa ya kuma faɗa maka gaskiyar rayuwa a kai.

Hauwa_Omdurman:
Abu, ai ka kawo hujjar da ta fi tamu ba ka sani ba. Labarin da Dale ke bayarwa shi ne wani yaro ne ya ƙalubalance shi a wajen wasa, ya ce zai iya kaɗa waƙa sukutum a tsirkiya ɗaya? Shi ne ya tuna kawunsa da udu. Kayan kiɗan da sautinsu ke mutuwa da wuri, udu ne, kuntigi ne, gurmi ne, dabararsu ɗaya: in kana so sauti ya daɗe sai ka yi ta maimaita shi da sauri har kunne ya ji kamar zare ɗaya ne. Ka saurari hannun marigayi Ɗan Maraya kawai, ka manta da muryar na ɗan lokaci, za ka ji abin da Sadiku ke nema.

Abu_Tudunwada:
To Sadiku ya sayi kuntigi mana, ya huta da neman tsirkiya daga Legas da jiran a kawo wuta.

Ghali_Agadez:
Tunda an zo kan bahagwai, mu ma muna da namu, Mdou Moctar. Jitarsa ta farko da kansa ya haɗa, da katako da wayar birkin keke. Shi ba ya ma riƙe fik, da yatsa yake wannan gudun. Na faɗi haka ne don Sadiku ya daina ɗora wa kaya laifi. A bukukuwan aure a nan za ka ga yaro da jitar da wuyanta ya karkace, amf na aiki da batirin mota, amma hannun dama kamar injin ɗinki. Awa nawa yake yi da ita a rana, shi ne tambayar.

Sadiku_Fagge:
Ghali ka taɓa ni a inda yake ciwo. Gaskiya minti ashirin nake samu bayan na taso daga shago, wani lokacin ma babu wuta.

MalamBala_Jos:
Rashin wuta ba uzuri ba ne a wannan darasin, alheri ne ma. Ka yi atisayen jita a kashe. Amf da amsa-kuwwa suna rufa wa mai kuskure asiri, komai ya cakuɗe ka ɗauka ka iya. A kashe kuwa duk bugun da ya rame za ka ji shi. Yawanci na sama ne ke ramewa, na ƙasa ya fito da ƙarfi, sai kiɗan ya dinga ɗingishi. Ka kasa kunne a nan.

Tijjani_Eko:
Tambayar jahilci: wai su masu hawan igiyar ruwan suna jin kiɗan ne suna kan teku? Na ga yara na yi a Tarkwa Bay nan Legas, allo kawai na gani da ruwa, ban ga mai jita ba.

Dr_Mainasara:
A'a Tijjani, da dare ne in an taso daga teku ake taruwa a zaure a yi rawa. Dale shi ma yana hawan igiyar, ya ce ƙarfin ruwan da rugugin da yake ji yake so ya fitar da jita. Pipeline ma sunan wata shahararriyar igiya ce a tsibirin Oahu na Hawaii. Zamanin bai daɗe ba, daga 1961 ne zuwa 1964 da Beatles suka shigo Amurka kasuwa ta juya. Sai a 1994 fim ɗin Pulp Fiction ya buɗe da Misirlou duniya ta sake waiwayarsa, daga baya mawaƙan Black Eyed Peas suka ɗora waƙarsu Pump It a kansa. Yawancin 'yan yanzu ta nan suka san karin ba su san mai shi ba.

Zee_Kaduna:
Laa, shi ne na Pump It! Wallahi sai yanzu na haɗa.

BabaGarba58:
Abin tausayi, Dale ɗin har ya rasu a 2019 yana da shekara 81 bai daina yawon wasa ba, ya ce kuɗin magani ne ke fitar da shi. Ku masu sha'awar sana'ar ku riƙe shagunanku.

Sadiku_Fagge:
'Yan gida na dawo bayan kwana tara. Emeka ya samo min 11, na gode Oga. Na bi maganar Malam Bala, jita a kashe, fik ya leƙo kaɗan. Na tashi daga 80 na kai 115 ba sarƙewa, damtse kuma ya daina ciwo, sai dai yatsun hagu ne yanzu suke kuka da sabuwar tsirkiya, kan manunina har ya yi ƙanta. Abin da na lura, in na haura 120 gwiwar hannu tana shigowa da kanta ko ban kira ta ba, to ban sani ba ko Rabe ne ke da gaskiya tun farko. Jiya da aka kawo wuta na kasa haƙuri na kunna amf, na murɗa amsa-kuwwa har ƙarshe, na yi zamiyar nan ta farko daga gaɓa ta 12 zuwa ƙasa. Sai ga Inna ta fito daga ɗaki da tsintsiya a hannu, wai ta ɗauka janareton maƙwabta ne zai kama da wuta. Pipeline ɗin Anti Nafisa ma na fara, kuma gaskiya ya fi shiga hannu, amma zuciyata tana wancan.

Rabe_Maradi:
Na faɗa muku. Jiki ya san hanyarsa.

MalamBala_Jos:
Gwiwar hannu ta shigo ta taimaka daban, ta ƙwace aikin daban. In ka ji kafaɗarka ta ɗaga ko ka danne haƙora, ka wuce iyakarka, koma baya da goma. Kuma tun yanzu ka fara gwada karin a siririyar E, don a faifan bayan an gama a mai kauri can ake komawa, gaɓoɓin duk ɗaya ne amma fik ɗin zai ji kamar ba abin da yake taɓawa. A nan ne masu saran damtse suke tsinka tsirkiya.

Rabe_Maradi:
Biyu kawai na taɓa tsinkawa, Malam.

Nafisa_bass:
A wata nawa?

Ghali_Agadez:
Sadiku, ka ɗauko mana a waya a 115 ɗin mu ji, jita a kashe. A gai da Inna, a ce mata saura 55.